Ɗinkin Lauratu

Tasawa, farkon bazara

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Ya ƙafar taki? Kina shafa man da na bar miki, ko kin sake rabar da shi ga maƙwabta? Ya Yaya Muddassir da yara, ya zafi, ya mutanen garinmu Sarkin Hausa baki ɗaya? Hussaina, na san ke ce mai karanta ma Inna, to ina gaishe ki, matar yaya. Ki matsa kusa da kunnenta na dama ki ɗaga murya, kuma kar ki tsallake min layi don kina saurin komawa kan tukunya. Na san halinki.

Inna, waya ba ta yi mana. Ke ba ki jina, ni kuma da na ji muryarki sai maganar ta tsere min. Shi ya sa na koma ga takarda. Sabiru direba ya ce zai riƙa kai miki duk ranar kasuwa. In kun ga rubutun manya-manya kar ku yi dariya, hancina a kan takarda nake yinshi, kamar yadda nake yi a lakwal, makarantar boko.

Wurin aikin a bayan gari yake, gidan renon itace ne na wata ƙungiya, an kewaye shi da waya. Muna cika ƙananan ledoji da ƙasa da taki, mu saka iri, mu jera su layi-layi. Akwai gawo, zogale, magarya, kuka da bedi, wato dogon yaro. Safe da yamma mu yi ban ruwa, in damina ta sauka a raba ma manoma su dasa. Kin san idona, duk abin da ya yi ɗan nisa narkewa yake. To in na tsaya a bakin layi da safe ba na ganin itatuwan ɗai-ɗai. Kore ne kawai a shimfiɗe har inda ganina ya ƙare, iska na taɓa shi yana rawa. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Wallahi Inna, wani lokaci sai in manta da butar da ke hannuna, in tsaya ina tunanin wannan ɗan gawon da bai kai yatsana ba, wata rana wani tsoho zai ɗaure jakinshi a gindinshi ya yi barci, bai san wadda ta shayar da shi ba. Sai an yi min tsawa nake dawowa duniya.

Mai yi min tsawar Nana ce. Ita ce babbarmu a mata, 'yar garin Maijirgi, tana da tsohon ciki da bakin da ba ya hutawa. Ranar da na zo kowa ya tsaya yana kallona yadda aka saba kallon zabaya, ita kuwa ta miƙo min buta ta ce in kallon ya ƙare akwai aiki. Tun ranar na kama ta. Shugabanmu Malam Abdurrahamane ne, shef muke ce mishi, mutum ne mai sanyin hali da yawan fargaba. Sai mai gadi, Lamine, Buzu ne, ban taɓa ganin bakinshi ba saboda rawani, amma shayinshi ya san hanyar zuciyata.

Ban manta sharaɗinki ba. Kin ce ranar da rana ta ƙona ni, ranar zan tattara in koma gida. Na san Kawu Mahmudu kike tunawa, da gyambon da rana ta buɗe mishi a wuya har ya yi ajalinshi, Allah ya jiƙan shi. Fatarmu ɗaya da shi, ban musa ba. To ki kwantar da hankalinki, da doguwar rigata nake fita, da mayafi, da malfar da kika saya min.

Ga albishir na ajiye miki a ƙarshe. Shef ya ce buro, wato babban ofishin ƙungiya na Maradi, zai yi mana kayan aiki iri ɗaya, su a nan teni suke ce musu. Kowa da kowa, har ni. Inna, kin san ban taɓa shiga kaya iri ɗaya da mutane ba. Ko a bikin Hussaina mai karanta miki, da 'yan mata suka yi anko suka fita da tsakar rana, cewa aka yi ba sai an ɗinka ma wadda za ta zauna a ɗaki ba. Ba ƙorafi nake ba, na san tsoro ne ya sa. Amma tun da shef ya faɗa nake ta ganin kaina a tsakiyar layi, launina ɗaya da na kowa.

Ki gaida Yaya da yara. Ki sa ni a addu'a.

Ɗiyarki,
Lauratu


Tasawa

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, ke da duk wanda ke gidan. Ƙuli-ƙulin da kika aiko ya iso, Nana ta cinye rabi ta ce ɗan cikinta ne ya roƙa. Hussaina, wannan takardar ki karanta ta a hankali, kuma ki bari Inna ta zauna tukuna.

Na yi miki alkawarin ba zan ɓoye miki komai ba, to ga shi. Rana ta ƙona ni. Ba da yawa ba, kar ki tashi tsaye. Bari in gaya miki yadda aka yi.

An aiko da riga ɗaya ta gwaji daga Maradi don mu ga yadda tenin zai kasance. Koriya ce shar, launinta ya yi min kyau har cikin rai. Amma hannunta gajere ne, wuyanta a buɗe, sai wata 'yar hula mai baki, kasket, wadda ko kunne ba ta rufewa. Duk wanda ya tsara ta, a ƙarƙashin fanka yake zaune. Lamine ya juya hular a hannu ya mayar, ya ce shi kanshi yana da mai shi, wato rawani. Nana ta gwada rigar ta tsaya mata a saman ciki, muka yi dariya har da hawaye. Ni dai dariyata ba ta kai ciki ba, domin shef ya ce dokar buro ce, in kayan suka iso babu mai shiga fili sai da su.

Na ari rigar na ɗora a kan kayana. Yadin mai kauri ne, ga zafin nan da kika sani, kafin hantsi numfashina ya fara sama-sama. Yara kuma suka taru a bakin waya suna cewa ga mutum-mutumin korar tsuntsaye. Raina ya ɓaci. Washegari shaiɗan ya zuga ni na sa ta ita kaɗai da zani da ɗankwali, yadda sauran mata za su sa. Cewa na yi ɗan lokaci kaɗan ne, in ji yadda ake ji. Inna, na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Iska ta taɓa min damtse, abin da ban taɓa sani ba. Na shagala da ban ruwa ina ta waƙe-waƙena a zuci, ban farga ba sai da Nana ta ƙwala salati ta ja ni inuwa. Hannuwana biyu da bayan wuyana sun yi jawur, da yamma suka yi ƙuraje masu ruwa.

An kai ni likita, sun ba ni magani, sun ce zai warke in na kiyaye. Yana ma warkewa.

Abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Shef ya ga hannuna. Ya ce ba za a kashe ɗiyar mutane a hannunshi ba. Ya ce daga yau aikina ya koma mangaza, ɗakin da ake ajiye iri da kayan aiki, can babu rana kuma babu ruwan kowa da abin da na sa. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, har yana cewa na huta. Na yi godiya saboda tarbiyyarki. Amma Inna, ɗaki fa! Na baro ɗaki a Sarkin Hausa, na hau mota na sha hanya, na zo na tarar da wani ɗakin yana jirana.

Na san abin da za ki ce, kuma gaskiyarki ce, sharaɗi ya cika. Ina roƙonki ki ɗan ƙara min lokaci. Ban san abin da nake jira ba, amma ban shirya barin itatuwana ba.

Ki yafe min. Ina gaida kowa.

Ɗiyarki mai taurin kai,
Lauratu


Tasawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafa ta yi sauƙi, zuciya kuma ta sauka. Ina gaida Yaya Muddassir, a ce mishi na ji faɗan da ya aiko kuma na karɓa.

Sabiru ya isar da saƙonki har da yadda kika nuna shi da yatsa. Ya ce kin ce ya ɗauko ni da kayana ko ina so ko ba na so. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ta sosa ƙeya, ni kuma na ce ya koma ya ce bai gan ni ba, ya ce duk Tasawa wa zai yarda an nemi zabaya an rasa. Kar ki ga laifinshi, ni ce na ƙi shiga motar. Ki ji dalilina, in kin gama ji kika ce in taho, zan taho.

Zaman mangaza ba wuya gare shi ba. Ina tsince iri, ina jera buhuna, ina kore ɓeraye. Sai dai shiru. Ƙofar tana kallon fili, to nakan zauna daga ciki in zuba ido. Daga nan ba na gane kowa, launuka kawai nake gani suna yawo a kan kore, ga ja, ga ruwan ɗorawa, ga shuɗi, suna haɗuwa suna rabuwa. In dariyarsu ta taso sai ta iso min a makare, ban san abin da aka faɗa ba. Da azahar in zafi ya kwantar da komai, nakan lumshe ido in ga wai na fita, rana ta sunkuyo ta dube ni ba ta gane ni ba, ta wuce abinta. Sai ƙuda ya sauka min a hanci in farka.

To ana nan sai ga yadi daga Maradi, bandir guda na koren nan. Ashe ba ɗinkakku za a aiko ba, cewa aka yi a ba tela a nan ya ɗinka irin rigar gwajin, manya da ƙanana, kowa ya ɗauki wadda ta shige shi. Shef kuma an kira shi taro Maradi na kwanaki. Yana sauri ya ɗora ma Nana yadin a amalanke, ya ce ta kai ma Ɗan Malam tela a bakin kasuwa tare da rigar.

Nana ta kai yadi. Rigar gwajin kuwa tana rataye a bayan ƙofar mangaza, ina kallonta yanzu haka. Ta ce mantawa ta yi. Da tela ya tambaye ta aikin mene ne, sai ta ce mishi anko ne na ma'aikata. Na ce Nana, teni fa aka ce. Ta riƙe ƙugu ta ce ita ba ta yi lakwal ba, in mutane da yawa suka sa yadi ɗaya, in ba anko ba me ake ce mishi da Hausa? Har yanzu ban sani ba ko da gangan ta yi, in na tambaye ta sai ta kama ciki ta ce yaro na motsi.

Shi kuwa Ɗan Malam da ya ji anko, ai sai ya yi abin da ake yi in za a yi anko. Kin sani, yadi ɗaya ne amma kowa da ɗinkinshi. Washegari sai ga shi a kan moto, babur ɗinshi, da igiyar awo a wuya, dattijo ne mai farin gemu, ya shimfiɗa tabarma gindin bedi ya ce a zo ɗaya bayan ɗaya. Nana ta ce a yi mata buba mai faɗi da za ta ɗauke su su biyu. Lamine ya ce a yanka mishi rawani da riga har gwiwa. Ni ina mangaza ban motsa ba, na ɗauka ba da ni ba. Sai na ji dattijon yana tambaya ko saura wani, domin shi bai taɓa ɗinka ankon da aka bar mutum a baya ba. Nana ta zo ta fizgo ni.

Inna, bai kalle ni irin kallon nan ba. Asiya, ɗaya daga cikin matanmu, ta riƙe igiyar tana aunawa yana rubutawa, sannan ya tambaye ni wane ɗinki nake so. Ni! Duk rayuwata abin da zai rufe ni ake ɗinka min, ba a taɓa tambayata ba. Can na ce hannu ya sauka har ya rufe bayan tafina, wuya ya tashi har haɓa, jiki ya yi sakwa-sakwa iska ta riƙa shiga. Na ce in yadi ya ragu a lulluɓe min malfata da shi, a sako wani ya sauka ta baya ya rufe ƙeya. Ya gyaɗa kai ya ce a bakin hannun zai yi min ɗan aiki da farin zare, don kar a ce rigar asibiti ce.

Ban gama komawa ba na ji Asiya tana cewa ita ma a soke nata a yi mata irin na Lauratu, ta gaji da rana na gasa ta kamar masara. Wata ma ta ce haka, wata ma. Har maza biyu suka ce a ƙara musu hannu.

Abin da nake jira ke nan, Inna. Ki bar ni in sa rigar nan ko sau ɗaya ne.

Ina gaida yara. Hussaina, sannu da ƙoƙari, wannan ta yi tsawo.

Taki,
Lauratu


Tasawa

Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Na gode da kika yi shiru ba ki sake turo Sabiru ba, na san shirunki ma magana ce. Hannu ya warke sarai, sabuwar fata ta fito.

Kaya sun iso. Na sa. Ba ni da madubi babba, amma na ga kaina a cikin ruwan randa, kore tun daga kai har ƙasa. Rigar ba nauyi, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta wuya. Na yi ta ɗaga hannu ina kallon farin zaren. Ranar ba wanda ya iya aikin kirki, kowa na juyi ana yaba shi, Lamine ma da koren rawaninshi ya zagaya fili yana tafiyar ango.

Daɗin bai daɗe ba, shef ya dawo. Ya sauka daga moto ya tsaya baki buɗe. Ya shiga mangaza ya ga rigar gwaji a rataye, ya fito da ita a hannu yana kiran sunan Nana. Bai iya zagi ba, sai innalillahi yake ta yi, yana cewa an yanka yadin buro an yi kayan biki da shi, me zai ce musu. Nana ta ce ya ce musu anko ne. Na ɗauka zai faɗi.

Can ya ce mu jeru gindin gawo. Muka jeru. Ya taka har bakin ƙofa ya juyo ya tsaya yana kallonmu daga nesa, ya daɗe. Ni ban ga fuskarshi ba, Asiya ce ke raɗa min cewa ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Da ya dawo muryarshi ta sauka. Ya kama bakin hannun rigata ya duba, ya dubi malfar, ya ce shi dai ba shi da ikon cewa wannan teni ne. Ya kira Maradi ya gaya musu gaskiya, suka ce Madam Zara'u mai kula da wuraren renon itace za ta zo ta gani da idonta. In ta yarda, shi ke nan. In ta ce a sake, za a ɗinka irin na gwaji, ni kuma in koma mangaza.

Na ce mishi in haka ta faru ba mangaza zan koma ba, gida zan tafi. Na faɗa ne a gabanshi don kar in janye daga baya, kuma ina sake faɗa miki. Ya ce kafin ta zo in fita fili in yi aikina.

To ina fili, Inna. Zogalen da na bari ƙanana sun kai gwiwata. Ina ban ruwa ina yi musu magana, ina ce musu wataƙila bankwana ne. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba. Ki tashi min da addu'a.

Ɗiyarki,
Lauratu


Tasawa, an fara ganin hadari

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa. Ya jiki, ya gyaran gona, ya su Yaya? An ce an yi yayyafi wajen Mayahi, Allah ya sa ya kai gare ku. Hussaina, ajiye ludayin nan ki zauna, yau ko tuwo ya ƙone ba ruwana.

Madam Zara'u ta zo. Ta riga lokacin da aka ce, shef ma yana can wajen famfo hannu duk baƙin mai. Ni ban san ta iso ba. Ina can ƙarshen layin magarya a tsugune, ina gyara ledojin da ruwa ya kwantar, hannuwana sun yi dumu-dumu da laka, malfa ta rufe min fuska. Iskar gabas na kaɗawa mai ɗan sanyi, na tafi tunanina na banza, wai ina tafe cikin wani daji da duk itatuwan cikinshi sun san sunana.

Daga baya Lamine ya ba ni labari. Ya ce da ta sauka daga mota mangaza ta nufa kai tsaye, da man kare fata daga rana a hannunta. An gaya mata akwai zabaya a cikin ma'aikata, ta zo da niyyar ta lallashe ni da kanta in haƙura da inuwa. Ta leƙa ba kowa. Sai ta shiga fili tana bin layi.

Ni dai na ji takun takalmi ya tsaya a bayana. Aka yi min sallama, na amsa ban ɗago ba. Sai muryar mace ta ce, baiwar Allah, don Allah ina zabayar nan da ke aiki a nan?

Inna.

Ni ta tambaya. Tana tsaye a kaina, inuwarta a kan hannuna, tana tambayata ina nake. Tun da kika haife ni ba a taɓa nemana ba, daga nesa ake hango ni, yara su riga ni isa duk inda za ni. Na so lokacin ya daɗe. Allah ya yafe min, sai na ce mata tana nan cikin masu ban ruwa, a duba gaba. Ta yi godiya ta wuce. Ina jinta ta leƙa fuskar Asiya, ta leƙa ta wata, Nana kuwa ta zauna daɓas a kan buhun taki tana dariya tana riƙe ciki har aka fara tsoron za ta haihu a wurin.

Sannan na miƙe na ɗage malfar. Madam ta juyo, ta dube ni, ta dubi sauran, ita ma ta fashe da dariya ta ce lallai an yi da ita. Ni kuwa hawaye ne ke zuba, na kasa tsayar da su, na share da hannu na shafe fuskata da laka. Kukan daɗi ne, Inna, ban taɓa yin irinshi ba.

Ta kama hannun rigata ta murza yadin, ta duba wuyan, ta sa na naɗe hannu ta ga inda ya ƙone ya warke. Ta tambaye ni ko rana ta sake taɓa ni tun da na fara sa kayan, na ce ko kaɗan. Ta zagaya ta dubi na kowa, ta fi daɗewa a kan rawanin Lamine. Nana ta sha faɗa, an ce kar ta kuma yanke hukunci da yadin da ba nata ba, ta ce to, da fuskar da ba ta nuna to ɗin ba. A ƙarshe Madam ta ce abu ɗaya ya rage, a ɗinka ma kowa tambarin ƙungiya a ƙirji, in an yi haka ita a wurinta teni ne, kuma haka za ta gaya ma buro. Man ta ba ni duk da haka, ta ce in riƙa shafawa a fuska da hannu, da tsakar rana kuma in shiga inuwa kamar kowa.

Shef ne kaɗai ya rage ba anko, tun da ba ya nan aka yi awo. Rigar gwajin ya sa ranar, shi ɗaya da gajeren hannu a cikinmu, yara na leƙensa ta waya. Na tausaya mishi, na san yadda abin yake. Jiya ya tafi wajen Ɗan Malam, an ce dogon hannu ya zaɓa.

To Inna, ba zan taho ba. Sharaɗinki yana nan, ban manta shi ba kuma ba zan sake wasa da shi ba, amma ina fili kuma rana ba ta samuna. Ke nake so ki zo. In ruwa ya sauka za a yi ranar rabon itace, na gaya ma Sabiru ya ajiye miki gidan gaba saboda ƙafarki. Na ware miki zogale da magarya da na rena da hannuna. Sai dai ki taho da haƙurinki, ki tsaya a bakin ƙofa ki duba da kyau, kuma na hana kowa ya nuna miki. Wannan karon sai kin neme ni.

Ki gaida Yaya Muddassir da yara da duk mai tambayata. Hussaina, in kuka kike yi ki share ki ƙarasa mata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Lauratu